People, Hell and Angels: abin da ke cikin kundin Jimi Hendrix na 2013 da yadda za a saurare shi

Duk wanda kunnensa ya saba da jitar Buzaye, irin wadda ke shigowa ta Kamba a memori da wayoyin direbobi, ya riga ya yi rabin shirin sauraron Jimi Hendrix, makaɗin jita Ba'amurke. Bombino, makaɗin jitar Buzaye na Agadas, lokacin yana saurayi a gudun hijira, bidiyon Hendrix na cikin abin da ya zauna yana kallo yana koyon yadda yatsu ke tafiya a kan tsirkiya. Sai dai matashin da ya ji sunan ya shiga neman kayan mutumin, abin da zai tarar zai iya ruɗa shi. Kundayen da ke ɗauke da sunan Hendrix suna da yawan gaske, alhali guda uku kacal ya kammala a situdiyo da ransa: Are You Experienced da Axis: Bold as Love a 1967, sai Electric Ladyland a 1968. Akwai kuma Band of Gypsys na 1970 da aka ɗauka a gaban 'yan kallo a New York. Ya mutu a Landan ranar 18 ga Satumba 1970 yana da shekara 27, kuma mafi yawan abin da ake sayarwa da sunansa yau wasu ne suka haɗa bayan ba ya nan.

People, Hell and Angels ɗaya ne daga cikin waɗannan. Ya fito a farkon Maris 2013 daga kamfanin iyalinsa, Experience Hendrix, tare da Legacy Recordings na Sony. Waƙa 12 ne a ciki, tsawonsu duka minti 50 da 'yan kai, kuma ya kai mataki na 2 a jerin Billboard na kundayen da aka fi saye a Amurka a makon da ya fito. Mutum uku ne suka tsaya kan aikin: Janie Hendrix mai kula da kamfanin, John McDermott mai binciken tef-tef ɗin da tarihinsu, da Eddie Kramer, injiniyan sauti haifaffen Afirka ta Kudu wanda ya yi aiki da Hendrix tun 1967. Sunan kundin, wato mutane da wuta da mala'iku, yana cikin sunayen da Hendrix ya taɓa tunanin sa wa wani aikinsa da bai kai ga gamawa ba. Suna ne kawai, kundin ba na wa'azi ba ne, ba kuma na wata aƙida ba.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne wannan ba kammalallen kundi ba ne. Rumfar maƙeri ce aka buɗe maka ƙofarta: ga gatarin da aka gama wasawa, ga wanda yake cikin wuta, ga guntun ƙarfen da aka buga sau biyu aka ajiye. An ɗauki waƙoƙin tsakanin Maris 1968 da Agusta 1970, a situdiyo daban-daban, da makaɗa daban-daban, a lokacin da ƙungiyarsa ta farko take wargajewa yana laluben wata hanya. Wanda ya shigo yana neman abu mai tsari irin Electric Ladyland zai fita da ƙorafi. Darajar kundin tana wani waje: an mayar da tef ɗin hannun mutanen da suka kaɗa a ɗakin ranar da aka ɗauka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san abin da ya faru a 1975.

A waccan shekarar furodusa Alan Douglas, wanda kayan Hendrix ke hannunsa a lokacin, ya fitar da kundi biyu, Crash Landing da Midnight Lightning. Ya ɗauki muryar Hendrix da jitarsa, ya kawar da mafi yawan gangunan asali da bes ɗin asali, wato jitar nan mai kaurin sauti, ya kira wasu makaɗan situdiyo da ba su taɓa zama da Hendrix ba suka kaɗa sabo a kai, har da ƙarin jita da mata 'yan amshi. Sai a 1995 mahaifinsa, Al Hendrix, ya karɓo haƙƙin kayan ɗansa bayan shari'a, aka kafa kamfanin iyali, aka dawo da Kramer.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa irin wancan ɗori ba ya zama, domin kuskure ne da kowane situdiyo zai iya faɗawa. Tef ɗin situdiyo na lokacin faffaɗa ne, an raba shi layi-layi a tsaye, kowane makirfo da layinsa. Kundin Hendrix na farko a kan layi 4 aka yi shi. Zuwa 1968 situdiyon Record Plant na New York yana da mai layi 12, daga baya aka koma 16. A takarda sai ka ce ai abu ne mai sauƙi, ka kashe layin ganga ka sa wani. Matsala biyu ce ke hanawa. Ta farko, makaɗan a ɗaki ɗaya suke, kuma Hendrix da ƙarfi yake buɗe amfilifaya. Makirfon da aka sa don murya yana ɗebo ganga daga nesa, na ganga yana ɗebo jita. Ko ka kashe layin ganga, inuwar tsohuwar gangar tana nan a layin murya, sai sabon bugu ya riƙa karo da ita, kunne ya ji wani ɗan laɓe-laɓe da bai san daga ina yake ba. Ta biyu ta fi girma. Ba su kaɗa da na'urar awon gudu a kunne ba, irin yadda ake yi yanzu a kwamfuta. Gudun kiɗan yana numfashi: Hendrix ya ja, mai ganga ya bi shi, mai ganga ya matsa, Hendrix ya hau. Wanda ya zo bayan shekara shida zai iya bin sawun jitar, amma jitar ba za ta juyo ta amsa masa ba. Ka ɗauki muryar Musa Ɗanƙwairo ka cire kotso da 'yan karɓinsa, ka shimfiɗa mata kiɗan fiyano mai gudu ɗaya tak. Muryar tana nan, amma wurin da yake jinkirtawa don 'yan karɓi su cafe ya zama rami.

Da wannan a zuciya sai a saurari waƙoƙi uku da aka ɗauka ranar 21 ga Mayu 1969 a Record Plant, waɗanda su ne ƙashin bayan kundin. A ranar ne Hendrix ya fara haɗa Billy Cox a bes da Buddy Miles a ganga a zama ɗaya a situdiyo, su ukun da daga baya suka zama Band of Gypsys. Cox abokinsa ne tun suna soja a Fort Campbell a farkon shekarun 1960, kuma kiɗansa irin na mutumin da ba ya neman a gan shi ne: ya kafa ƙasa ya tsaya a kai. Miles hannunsa nauyi gare shi, bugunsa a miƙe yake, kamar gangar noma da ke riƙe wa 'yan gayya kuyya ɗaya. Wannan ya bambanta da Mitch Mitchell, mai gangar Hendrix na farko, wanda ya fito daga kiɗan jaz, yana zagaye jitar yana mata magana kamar mai kalangu.

"Hear My Train A Comin'" ita ce mafi ƙarfi a cikin ukun, kuma mafi ƙarfi a kundin gaba ɗaya. Waƙar mutum ce da ke tsaye a tasha yana jiran jirgin ƙasa ya fitar da shi daga garin da ya wulaƙanta shi, yana alkawarin zai dawo da girma. Mutanen Gusau da Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya zo ya tuƙe, ba sai an yi musu dogon bayanin wannan jiran ba. Abin saurare a nan shi ne yadda murya da jita suke tafiya tare a kan layi ɗaya, ya rera da baki yatsunsa suna faɗin abu guda, sannan ya saki bakin ya bar jitar ta ƙarasa zancen. Miles bai ba shi wurin ɓuya ba, bugu ne a fili, don haka duk jan tsirkiyar da ya yi ana jin inda ta faro da inda ta sauka. Hendrix ya ɗauki wannan waƙa sau da yawa, akwai ta a kundaye da dama, amma wannan zubin yana da kaifin da ya cancanci a ajiye shi.

"Bleeding Heart" ta Elmore James ce, tsohon makaɗin bulus, wani salon kiɗan baƙaƙen Amurka. Hendrix ya saba kaɗa ta a hankali, amma a wannan ranar ya nemi Cox da Miles su canza mata tafiya, sai ta fito da ɗan tsalle a ƙafarta. Ta uku, "Villanova Junction Blues", ba ta kai minti biyu ba, kiɗa ne zalla babu murya, kuma ita ce ta rufe kundin. Wata uku bayan haka ya kaɗa cikakkiyarta a ƙarshen wasansa na Woodstock, babban taron kiɗan nan na Amurka. A nan tsiro ne kawai: ka fara shiga cikinta sai ta dushe. Kyakkyawa ce ƙwarai, kuma gajartarta tana da ciwo.

"Somewhere" ita ce mafi tsufa, ta 13 ga Maris 1968, Miles a ganga, Stephen Stills a bes. Wanda yake son sanin aikin fedar wawa, wadda ake takawa da ƙafa tana buɗe sauti tana rufewa, nan zai zauna. Fedar ba ƙara take ƙarawa ba. Tana zaɓar wani yanki ne na sautin ta ɗaga shi, in ka danna yatsun ƙafa yankin ya haura sama ya yi kaifi, in ka danna diddige ya sauko ya yi kauri. Kusan abin da mai kalangu yake yi ke nan idan ya matse tsirkiyoyi a hammata ya saki. Masu koyo sukan yi kuskuren taka ta daidai da bugun ganga, sama ƙasa sama ƙasa, sai ta zama surutu. Hendrix yana taka ta ne daidai da gaɓoɓin maganar da jitar ke yi, wani lokaci ya tsayar da ita a tsakiya ya bar ta a nan. Wannan waƙar tana cikin waɗanda aka yi wa ɗori a 1975, don haka jin ta da mutanenta na asali riba ce.

"Earth Blues", wadda ta buɗe kundin, ta 19 ga Disamba 1969 ce. Wadda aka fi sani ta fito a Rainbow Bridge a 1971 da ƙarin muryoyin mata da jita a kan jita. Ta nan tsirara take, mutum uku, Cox da Miles suna amshi. Ta fi waccan nuna yadda Hendrix yake riƙe kiɗan ƙasa, aikin da mutane ke mantawa da shi saboda hankalinsu yana kan kukan jitar.

Akwai biyu daga 28 ga Agusta 1969 a situdiyon Hit Factory, da babbar ƙungiyar da ya je Woodstock da ita, har da Larry Lee a jita ta biyu da masu ƙananan ganguna na hannu. "Izabella" waƙar soja ce da ke fagen yaƙi yana tuna wata mace; zubin yana da rai amma taron ya ɗan yi yawa, ba kowa ke da aikin yi ba. "Easy Blues" ta fi ta. Kiɗa ne zalla mai tafiyar jaz, Mitchell yana lilo a kan farantan ƙarfe, Hendrix ya rage ƙara yana zance a natse. An taɓa fitar da ita a taƙaice a Nine to the Universe a 1980, a nan an ba ta tsawonta.

"Inside Out" ta Yuni 1968 Hendrix da Mitchell ne kawai, shi ya ɗora bes da kansa. An bi da jitar ta lasifikar Leslie, akwatin da aka ƙera don ogan na lantarki, mai kama da fiyano irin na coci, wanda a cikinsa akwai ƙaho da ɗan inji ke juyawa. Juyawar ce ke sa sautin ya riƙa kusantowa yana nisanta kamar ana kaɗa shi a iska. Daga wannan gwajin ne "Ezy Ryder" ta samo wani ɓangarenta. Haka "Hey Gypsy Boy" ta Maris 1969 ita ce uwar "Hey Baby (New Rising Sun)", "Crash Landing" ta Afrilu 1969 kuma ta haifi "Freedom". Mai rubuta waƙa zai ƙaru da jera kowace da 'yarta ya ji abin da aka riƙe da abin da aka zubar.

Inda kundin ya yi rauni a fili yake. "Crash Landing", wadda gargaɗi ce ga wata mace kan shan ƙwaya, an dawo mata da makaɗanta na asali, Cox da wani matashin mai ganga Rocky Isaac, kuma hakan daidai ne. Amma gaskiya gangar ba ta riƙe waƙar ba, ana jin ana ja da ita. Gwaji ne da bai nuna ba, kuma bayanin da ke jikin kundin ya fi ƙarfin abin da kunne ke ji. "Let Me Move You" ta Lonnie Youngblood ce, shi ke rerawa yana busa saksafon, Hendrix yana mara masa baya kamar yadda ya yi masa tun kafin ya yi suna. Ita ce mafi tsawo, kusan minti bakwai, kuma tana da zafi, sai dai ba waƙar Hendrix ba ce. "Mojo Man" ta fi nisa: Albert Allen na ƙungiyar Ghetto Fighters ne ya rera ta, an ɗauki kiɗan a situdiyon Fame da ke Muscle Shoals a jihar Alabama, Hendrix ya ɗora jita a kai a nasa situdiyon, Electric Lady, a Agusta 1970. Biyu cikin 12 ke nan da yake baƙo a kundinsa.

Sai batun tallar. An sayar da kundin da sunan waƙoƙi 12 da ba a taɓa fitarwa ba. Idan ana nufin waɗannan zubin takamaimai, a wannan haɗin, maganar tana da madafa. Amma mafi yawan waƙoƙin an san su a wasu kamannu tun shekaru, kuma wanda ya riga ya tara kayan Hendrix ba zai sami sabuwar waƙa da yawa ba, sabon kallo zai samu. Ya kamata a ce an faɗi haka a sarari. Jerin waƙoƙin ma ba ya bin shekaru: daga Disamba 1969 a koma Maris 1968, a dawo Mayu 1969. Wanda yake son jin yadda mutumin yake canzawa gara ya sake jera su da kansa a waya, ya fara da "Somewhere" da "Inside Out", ya bi da na Maris da Afrilu 1969, sai ukun 21 ga Mayu, sai biyun Agusta, sai "Earth Blues", ya rufe da "Mojo Man". A haka kundin ya fi ma'ana nesa ba kusa ba.

Haɗin sautin da Kramer ya yi yana da tsabta da nauyi. Ganga tana gaba, bes yana da jiki, ba a wanke shuuu ɗin tef har an kashe kiɗan ba. In akwai abin cewa, shi ne sautin ya fi na faya-fayen 1969 kauri da ƙara, alamar an yi shi don kunnen wannan zamani. Bai kai ga ɓata abu ba.

Sai dai duk wannan aikin yana iya lalacewa a hanyar da waƙa ke bi kafin ta iso kunnen mai sauraro a Birnin Kebbi ko Talata Mafara. Faifan CD yana ɗauke da kusan megabait 10 a kowane minti, wato kundin nan ya haura megabait 500. In aka matse shi zuwa MP3 mai lamba 320, lambar da ke nuna yawan sautin da matsewa ta bari, zai dawo wajen megabait 125, kuma kunne da wuya ya ji bambanci. A lamba 128 zai zama kamar 50, a nan farantan ƙarfen Mitchell a "Easy Blues" za su fara yin wani sauti kamar ana watsa ruwa a kan kwano. A 64 kuwa an gama da shi: jita mai kurman sauti, wato mai gurnani, irin ta "Hear My Train A Comin'" takan koma kamar kukan ƙudan zuma a cikin gwangwani, domin irin wannan sautin cike yake da ƙananan rassa, su ne matsewa ke fara yankewa. Mafi muni shi ne fayil da aka ciro daga bidiyo aka sake juya shi zuwa MP3, an matse abin da aka riga aka matse. Ko an rubuta 320 a jikinsa, abin da ya zube ba ya dawowa. Kafin a karɓi turi a shago sai a duba girman fayil: waƙar minti biyar da ba ta kai megabait 4 ba, a bar ta. Xender ba ya rage komai, yadda fayil yake haka yake wucewa, amma sa waya kusa da lasifika a ɗauka da saƙon murya kashe waƙa ne. Hanya mafi tsabta, wadda kuma haƙƙin masu abu ke isa gare su, ita ce Spotify ko Apple Music ko YouTube Music, a shiga saitin a ɗaga ingancin saukewa zuwa na sama, a sauke sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi.

Abin sauraron ma yana da nasa. Ƙaramar lasifikar Bluetooth mai baki ɗaya tana haɗe hagu da dama wuri guda, sai juyawar Leslie a "Inside Out" ta kwanta, jitar Larry Lee ta shige cikin ta Hendrix. Lasifikar waya kuwa ba ta fitar da ƙasan sauti sam, Billy Cox zai ɓace gaba ɗaya, alhali rabin daɗin ukun 21 ga Mayu a hannunsa yake. A sa abin kunne mai waya a kunne biyu, a kashe maɓallin ƙarin bes da wayoyi ke zuwa da shi, domin haɗin ya riga ya yi nauyi, ƙari sai ya rufe murya. Wanda ya samo na baƙin faifai, wanda faya-faye biyu ne, ya tuna da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a nan. A jingine shi a tsaye, ba a kwance ba, nesa da taga da bangon da rana ke duka, kada kuma a bar shi a mota ko na awa ɗaya. Faifan da ya lanƙwashe ba ya miƙewa da sauƙi. Da hunturu a goge ƙura da burushi mai laushi kafin allura ta sauka, in ba haka ba ƙurar ce za ta riƙa ƙas-ƙas tana cin layin.

Ga masu riƙe jita, akwai abubuwa uku da za su hana wahala. Hendrix yakan sassauta dukkan tsirkiyoyi shida da rabin mataki. Wanda ya ɗaure tasa a ɗaurin da aka saba zai ga yana bin waƙar amma yatsunsa suna faɗawa gaɓar da ba ta da daɗin kamu, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Ya sassauta tukuna, zai ga jan tsirkiya ma ya yi sauƙi. Na biyu, bahago ne, amma Fender Stratocaster ta na-dama yake kifawa ya sake jera tsirkiyoyin. Maganaɗisun ɗaukar sauti da ke kusa da jaki a karkace yake, don haka kifawar ta sa tsirkiyoyi masu kauri suka koma kusa da jaki suka ƙara kaifi, sirara kuma suka rage tsini. Wani ɓangare na muryar jitarsa daga nan yake, ba daga feda ba. Na uku, babban yatsansa yana leƙowa ta saman wuyan jitar ya danne tsirkiya mafi kauri, sauran yatsun su sami 'yancin yin ado. Shi ya sa a "Hey Gypsy Boy" kake jin kamar mutum biyu ne. Kuma kada a murɗe kurman sauti har ƙarshe ana neman ƙarfinsa. Shi yakan bar amfilifaya a buɗe, ya riƙa rage ƙara da maɓallin jikin jitar, sauti ya yi tsabta in ya rage, ya yi gurnani in ya buɗe.

Wani abin da kundin ke tunatarwa ya shafe mu kai tsaye. Dalilin da ya sa aka iya cewa wannan ranar 21 ga Mayu aka yi ta, wane ne a ganga, wane ne a bes, shi ne an rubuta a jikin kwalin tef, kuma an ajiye tef ɗin. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, kuma waƙoƙinsa da na Sa'idu Faru da na Hassan Wayam da yawansu a kaset suke yawo, kwafi a kan kwafi, babu shekara babu sunayen 'yan karɓi. Wanda ke da tsohon kaset a gida zai iya ceto shi da kaya kaɗan. A fara karya 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada a yi kuskuren ɗauka a kai. A zura biro a juya a tabbatar zaren ba ya kamawa, a duba ɗan audugar da ke danna zare a kan kai ko tana nan, domin in ta faɗi sauti zai dushe. A goge kan rediyon da robar da ke jan zare da sandar auduga da aka tsoma a sifirit, a bari ya bushe. A gefen kan akwai ƙaramin noti. Yayin da kaset ke tafiya a juya shi a hankali da siririn sukundireba, kwata-kwatan juyi hagu ko dama, har a ji kaifin kotso ya fito sarai, a tsaya nan. Kowane kaset da nasa saitin, saboda rediyon da aka ɗauke shi da shi daban ne. A haɗa waya daga mafitar rediyon zuwa kwamfuta, a ɗauka a WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, kada ƙara ta taɓa ja. Wannan kwafin na farko a ajiye shi yadda yake a wuri biyu, kada a wanke shi kada a ɗora masa komai. In za a rage shuuu ko a yanka waƙa-waƙa, a yi a kan kwafi na biyu. A rubuta duk abin da ke jikin kwalin da abin da dattawan gidan suka tuna: a ina aka saya, wace shekara, a bikin wa aka yi.

Wanda bai taɓa jin Hendrix ba kada ya fara da People, Hell and Angels. Ya fara da Electric Ladyland da Band of Gypsys, sannan First Rays of the New Rising Sun na 1997, wanda shi ne ƙoƙarin da ya fi kusa da kundin da yake haɗawa lokacin da ya mutu. Bayan su sai wannan, kafin Valleys of Neptune na 2010 da Both Sides of the Sky na 2018, waɗanda tare da shi suka zama jeri uku. Mai aikin situdiyo kuwa, ko da fiyano da kwamfuta kawai yake aiki, ya nemi "Somewhere" ta 1975 da ta 2013 ya saurare su a jere da abin kunne. Ya bar jitar, ya bi ganga kaɗai, musamman wurin da waƙar ke lafawa Hendrix ya koma kamar mai magana. A ta 2013 zai ji Buddy Miles ya sassauta hannu tare da shi, ya jira, sannan su tashi lokaci ɗaya.